An Juya Shi Har Ƙarfe Shida

Tsohon da ke gado na bakwai ya rasu ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Talata, amma a takarda an ci gaba da juya shi har ƙarfe shida na yamma. Ƙarfe sha biyu ɓarin dama, ƙarfe biyu ɓarin hagu, ƙarfe huɗu rigingine, duk da rubutun Sista mai kula da ɗakin maza, tsaf-tsaf. A ƙasa kuma ga jan biron Metiron, shugabar nas-nas ta asibitin: "Na duba, aiki ya yi kyau."

Dokar Metiron ce. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye dole a juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambo ya ci bayansa, a kuma rubuta. To, ita Metiron ba ta son ganin gurbi a takarda, kuma ba ta son warin ɗakin marasa lafiya. Don haka kafin goma na safe ake cike takardun yini guda, mai shara ta kai mata ofis, ta sa hannu tana kurɓar shayi. Nas uku, gado arba'in, wa zai juya wa? Biro dai ba ya ciwon baya. Shekara shida ana haka, Sista tana cikewa, tana tsaki a ciki.

'Yar tsohon ce ta ɓata lissafi. Malamar makaranta ce, ba mai yawan magana ba. Da aka zo ɗauke gawar ta ga abin da ke bayan mahaifinta, rami har ƙashi. Ba ta yi kururuwa ba, ta dai zauna ta rubuta ƙara shafi uku. Aka kafa kwamiti.

Ana gobe za a zauna, Metiron ta aika a kira Sista. Ofishin sanyi ƙalau, bango cike da takardun yabo, ga hotonta tana karɓar lambar girma ta riƙon amana. Farar rigarta ba ta taɓa sanin jini ba tun da aka ɗinka ta.

"Zauna, 'yata," in ji ta, alhali shekara huɗu ce tsakaninsu. Ta turo sabuwar takarda da biro uku. "Ki sake kwafa, ki tsaya a ƙarfe goma. Ki riƙa sauya biro, kada rubutun ya zama na zama ɗaya. Tsohuwar takardar kuma ki kawo mini."

"Ranki ya daɗe, gyambon fa? Shi ma a kwafe shi?"

"Da shi ya zo daga gida. Haka za ki ce." Ta gyara gilashi. "Saura shekara biyu ki yi ritaya. Kina da marayu a gabanki. In aka karɓe lasisinki, wa zai ɗauke ki ko wankin kwano? Ni asirinki nake rufawa."

Sista ta dubi hannun da ke kan teburin, mai laushi, farce a gyare. Wannan hannun ne wai ke koya wa ɗalibai rantsuwar aiki duk shekara. Wata ƙyama ta kama ta, kuma abin haushin, rabinta ta kanta ce. Ita ta karɓi tsohon ranar da aka kawo shi, bayansa sumul. Yakan ce mata "sannu, 'yar nan" da rabin bakinsa in ta wuce da gudu. Ta ɗauki takardar da birukan ta fita.

Washegari mutum biyar suka jeru a bayan dogon tebur, malamar makarantar tana gefe da jaka a cinya. Shugaban kwamitin, wani likita mai furfura, ya ce a kawo takardar juyi. Sista ta miƙa tsohuwar. Ta ajiye sabuwar kusa da ita, fara fat, da biro uku a kai.

"Ban juya shi ba," ta ce. "Kwana tara, in ya yi yawa sau biyu a yini. Rubutun nawa ne. Da safe muke cikewa, bisa umarni."

Metiron, da ita ma aka kira, ta ɗaga tsohuwar takardar kamar yau ta fara ganin irinta. Har da dafe ƙirji.

"Haba 'yata, kin ba ni kunya. Umarnin wa? Akwai shi a rubuce?" Ta juya ga likitan, murya a raunane. "Ni sa hannuna shaidar takarda ta iso ofis ce kawai. Na yarda da yarana, laifina ke nan."

Babu shi a rubuce, mana. Mai wayo irin wannan ba ta barin sawu. Likitan ya gyaɗa kai, ya duba agogo. Ba wanda ya tambayi abin da biro uku ke yi a kan tebur.

Aka dakatar da Sista, aka tura batun lasisinta gaba. Aka kuma ɗora wa Metiron alhakin gyara tsarin, don kada a sake.

Ranar Litinin Sista ta zo kwashe kayanta. A jikin allon sanarwa ta tarar da gyaran, da jan biro: daga yau, duk wanda ya rasu a kai takardarsa ofis nan take, kafin a sanar da danginsa.

Ƙarfe tara da rabi ne. Wadda aka ba kujerarta ta duƙufa a kan tebur tana cike takardu, ta kai ƙarfe huɗu na yamma. A gado na bakwai an kwantar da wani sabon mutum, fuskarsa na kallon bango. Sista ta ajiye jakarta a ƙasa, ta naɗe hannun riga.

"Baba, bari in juya ka."

"Sista, an fa dakatar da ke," in ji sabuwar, ba tare da ta ɗago ba. "Kuma shi wannan na riga na rubuta."