'Yan Kunnen Kafireta

Sedick ya baje kafiretar motar a kan teburin da yake cin abinci, don ba shi da wani teburin. Motar ce ɗakinsa. Da aurensa ya mutu ya dawo gidan mahaifiyarsu a unguwar Grassy Park, ya tarar an zuba 'yan haya a ɗakinsa na da. Sai ya kwashi kayansa ya shiga tsohuwar motar Boeya, mahaifinsu, mai gado da murhu da kwaba, wadda ke tsaye a bayan gida tun rasuwar mai ita. Injinta yana ciki, tsakanin kujerun gaba, ƙarƙashin murfi. Har bargonsa warin fetur yake yi.

Yayansa Faldie ne ya tayar da maganar, ta waya daga Johannesburg, wato Joburg. Motar gadonsu ce su duka, in ji shi, kuma akwai wani da yake so ya fafe gefenta ya riƙa sayar da kofi a bakin teku. Oemie, mahaifiyarsu, ita ta raba gardamar. Idan motar ta kai ta zangon da ake yi a hutun Ista a Faure, gefen hubbaren Shehi, inda Boeya ke sauke su kowace shekara, to mota ce, a bar ta. Idan ba ta kai ba, ƙarfe ne, a sayar.

Faldie bai yi musu ba. Har ma ya aiko da kwalin kayan gyaran kafireta, sababbi fil, kyauta.

Kyautar ce ta tsaya wa Sedick a rai. Tun suna yara Faldie bai taɓa miƙo masa alewa ba sai da ya lasa. Ya juye kwalin, ya ɗaga kowane gasket mai toshe yoyo ga hasken taga, ya murza allurar fetur tsakanin yatsunsa ko an lanƙwasa ta. Har sansana robobin ya yi. Bai ga komai ba, kuma rashin ganin bai kwantar masa da hankali ba.

Ya wanke gangar kafiretar da fetur da tsohon burushin haƙori, ya hure kowace kafa da famfon keke. Ya kwance jet guda biyu, 'yan mitsi-mitsin tagulla masu huda a tsakiya, ta inda fetur ke bi ya haɗu da iska. Tsofaffin sun yi kore sun toshe. Ya jefa su a faranti a tagar kicin ɗin Oemie, ya ɗaura na kwalin.

Bugu biyu injin ya kama. Sedick ya ajiye kofin shayi a kan murfin, ya sa sukudireba a sukurin silo, mai daidaita bugun injin a tsaye, yana murzawa kaɗan-kaɗan, idonsa a kan shayin. Da fuskar shayin ta daina rawa ya cire hannu. Haka Boeya yake yi. Oemie ta leƙo ta ƙofar baya, ta saurara, ta koma ciki.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya motar tana tafiya kamar an shafa mata mai. Sai ya nufi Ou Kaapse Weg da ita, hanyar da ke hawa dutse. Tun a kwana ta farko ta yi atishawa ta bakin kafireta. Ya taka totur, ta ƙi. Allurar zafi ta fara hawa, motar ba ta hawa. Motoci suka jeru a bayansa. Wani direban bas ya leƙo yana wucewa, ya kira shi Boeta, yadda ake ce wa yaya a nan.

"Boeta, ka sauko ka goya ta mana! Tsohuwa ba ta hawa dutse a ƙafa!"

Da ƙyar ya sami gefe. Ya kwance filogi ɗaya, kansa fari fat kamar alli. Fetur ba ya isar ta. Yunwa take ji.

Ya zargi gidan man da ya sha, ya canza. Ya zargi tiyo, ya bi shi taku-taku. Ya zargi yaran 'yan haya ko sun jefa wani abu a tanki, ya sauke tankin, ba komai sai tsatsa kaɗan. Ya sake warware kafiretar ya haɗa. A tsakar gida sai ta yi silo lafiya lau, a kan dutse sai atishawa. Duk inda ya bi, kan kwalin yake dawowa. Kullum kuma sai Faldie ya kira.

"Ya jikin gyatumar motar?"

"Da sauƙi."

"Ka ɗaura kayan da na aiko?"

"Me ya sa kake tambaya?"

"Kai, mutum ba zai tambayi kyautarsa ba?"

Ranar Larabar makon Ista Faldie ya sauka, da farin takalmi da ƙaton agogo. Ya gaida Oemie, ya sumbaci hannunta, bai ko zauna ba ya zagaya baya. Sedick yana cikin motar yana kallonsa ta labule. Ya ga ya tsaya a gefen motar, ya ware hannuwansa biyu a kan tagar tsakiya, kamar mai auna inda za a yanka.

"Miƙa nake yi," in ji Faldie da suka haɗa ido. "Jirgi ya sandarar mini da baya."

"Ka yi miƙarka a jikin bango, Boeta. Shi ba na sayarwa ba ne."

"Ita ma ai ba a sayar ba tukuna. Sai gobe." Ya leƙa ciki ya toshe hanci. "A nan kake kwana? Wallahi ko ashana aka ƙyasta a maƙwabta ka tafi lahira da gadonka."

Abu ɗaya ya rage wanda Sedick bai gwada ba: ya jera tsohon kaya da sabo ya kwatanta. Ya shiga kicin. Farantin yana nan a taga, a wanke, a kife. Jet babu.

Jiya suna nan, ko shekaranjiya? Bai iya rantsewa ba. Abin da ya sani, Faldie ya shiga kicin ɗin nan shan ruwa, kuma ya daɗe.

Ya same su a falo, Oemie tana naɗe samosar zango a babban tire, Faldie yana cin na gefe.

"Boeta, juye aljihunka."

"Na'am?"

"Jet ɗina biyu suna taga. Ka shigo, sun ɓace."

Faldie ya ajiye samosar. "Oemie, kin ji ɗanki? Na hau jirgi tun daga Joburg don in saci tsatsa."

"Ka aiko min da kayan da ba sa aiki, ka zo ka ɗauke waɗanda za su tona maka asiri."

"Kayan da ba sa aiki, ko bakaniken da ba ya aiki? Shago na shiga, na faɗi sunan injin, suka miƙo kwali a rufe. Ko buɗewa ban yi ba."

"Wane shago?"

"Na kusa da gidana! Ka so in je Makka in sayo maka?"

Oemie ba ta ɗago ba. Ta dangwali ƙullu ta liƙe bakin samosa.

"'Yan kunnen nan kuke wa ihu?"

Suka juyo.

"Masu huda. Na gan su sun yi kore a tagata kamar ba mace a gidan. Na jiƙa su da tsamiya da gishiri tare da sauran tagulla. Suna cikin kaskon turare, a kwabar gilashi. Kada ka taɓa min kofuna da wannan hannun."

Kowace Ista da kowace Sallah sai Oemie ta wanke duk wata tagulla da ke gidan, har mariƙin ƙofa. Sedick ya buɗe kwabar. Suna nan a gindin kaskon, suna ƙyalli kamar yau aka ƙera su.

"Na gida ne ko na tudu?" in ji Oemie.

"Me?"

"Ubanku kashi biyu gare shi. In za mu Joburg wurin ƙanwata, sai ya tsaya a hanya, a garin Beaufort West, rana tana dukanmu, ya buɗe murfin nan ya canza. Wai Joburg a tudu take, iskar can sama ba ta da kauri, motar ba ta son fetur da yawa. In mun juyo gida ya sake tsayawa ya mayar. Ni dai abin da na sani, shayina yana hucewa kafin ya gama."

Sedick ya fita da gudu-gudu. Ya kwance kan kafiretar, ya zaro jet ɗaya na kwalin, ya ɗaga shi da na Boeya ga rana. Sai da ya runtse ido ɗaya ya gani. Hudar na Boeya ta fi faɗi, da abin da bai kai kaurin gashi ba. Shagon Joburg ya ba da abin da motocin Joburg ke sha. Kowa a can haka zai saya. A nan bakin teku iska ta yi mata yawa, fetur ya yi kaɗan.

Faldie ya biyo shi ya tsaya a ƙofar motar.

"To, ɓarawo ya wanku? Ko in cire takalmi ma?"

Sedick ya sunkuya kan injin. Yana ɗaura na Boeya, yana tuna tafiyar. Shi yana ƙarami a lokacin, a gadon baya yake barci. Amma akwai yaron da ya girme shi da ke tsayawa kusa da Boeya a Beaufort West, riƙe da wani ɗan gwangwani.

"Wa yake riƙe masa gwangwanin, Boeta?"

"Wane gwangwani?"

"Na jet."

"Shekara nawa yanzu? Ni abin da na ci jiya ma ban tuna ba." Faldie ya duba agogonsa. "Ka yi sauri, in ka gama ka ba ni haƙuri."

Ya haɗa, ya tayar, ya sake ajiye kofin shayi ya bi silo har ya kwanta. Ya ce wa Faldie ya shigo. Suka nufi Ou Kaapse Weg. A kwana ta farko Sedick ya taka totur har ƙasa, yana jiran atishawa. Motar ta yi gurnani ta ɗauki dutsen. Allurar zafi ba ta motsa ba. A can sama ya tsaya ya kwance filogi, kansa ya yi launin gasasshen burodi.

"Ma sha Allah," in ji Faldie. Ya faɗe shi daidai yadda ake faɗa. Sedick ya auna muryar, ya juya ta, bai sami inda zai kama ba.

Washegari da hantsi suka loda tukwane da katifu da Oemie a kujerar gaba, da carbinta da tiren samosa a cinya. Motar ta shiga Faure tsakanin tantuna, tsofaffi suna nuna ta suna kiran sunan Boeya. Oemie ta sauko ta dafa ƙofar.

"Mota ce," ta ce.

Faldie ya koma gefe da wayarsa ya yi magana a taƙaice kamar mai sallamar ciniki, ya dawo yana tambayar ina shayi.

Ranar da zai koma, Oemie ta haɗa masa barakat, ƙunshin kek da samosa na hanya. Sedick ya naɗe jet biyun na kwalin a takarda ya cusa a ciki.

"Na tudu," ya ce. "Can ne gidansu."

Faldie ya yi dariya ya rungume shi. Sedick ya raka shi har bakin titi, ya tsaya sai da motar hayar ta sha kwana. Daga nan ya wuce shagon kwanar gidansu ya sayi kwaɗo, ya dawo ya garƙame murfin injin, ya rataya makullin a wuyansa.