Gurbin Karatu a Shagon Gyaran Waya

Tun da idon Baba ya fara gajiya, Auta ce ke yin aikin da ke son ido a shagonsa na gyaran waya. Ta gama digiri na biyu a ilimin duwatsu, aiki ya ƙi samuwa, sai ta ja kujera kusa da shi. Shi ya karɓi waya ya yi hira, ita ta buɗe cikin wayar.

Wata rana da la'asar, fanka na juyawa kamar an sa ta dole, wata dattijuwa ta shigo da wayar da ta daina magana. Auta ta ɗago kai, sai ta ga ashe Farfesar da ta koyar da ita ce.

"Ke! Ashe nan kika ɓuya?"

"Ranki ya daɗe, ba ɓuya ba ce. Zama ne dai."

Ta kwance sifikar, ta zaro ɗan maganaɗisun da ke ciki, bai fi ƙwayar wake ba. Farfesa ta leƙo.

"Kin tuna dutsen da ake samo ma'adinin wannan?"

"Kabonatayit," in ji Auta. Sunan ya zo bakinta kamar na ƙawar ƙuruciya.

"To, an buɗe gurbin digirin digirgir a kansa. Duniya na rububin ma'adinan nan, mu kuwa har yau ba mu gama gane yadda suke taruwa a cikinsa ba. Ki nema."

Farfesa ta tafi, Auta ta koma aiki, amma hankalinta ya bar shagon. Ta ga ɗakin bincike da labulensa a sauke. Ta ga dutse an fere shi har haske na ratsa shi, a ƙarƙashin madubin ƙara girma yana sauya launi, shuɗi ya koma ruwan hoda, ruwan hoda ya koma zinariya. Daga nan ta yi ƙasa, can ƙarƙashin titi da rijiyoyi, inda dutse ke narke yana tasowa a hankali, ba mai gaggauta shi.

"Auta, wayar mutane kike soyawa?"

Ƙauri ya cika shagon. Ta janye ƙarfen dalma da sauri.

Baba ya gyara zama. "Wai dutsen nan shi ma yana narkewa kamar dalma?"

"Sosai ma, Baba. Daga baya ya daskare, ya riƙe abin da ya kwaso."

"Ikon Allah. To me kike jira?"

"Wa zai yi maka aikin?"

"Ji min yarinya! Kafin a haife ki da idon wa nake gani? Yayanki ya daɗe yana min gorin tabarau, gobe sai ya kai ni asibitin ido."

Ta nema. Aka kira ta ganawa, da aka zo kan duwatsu ta saki jiki ta yi ta bayani. Bayan an daɗe shiru, aka ce an ɗauke ta.

Safiyarta ta farko, mai kula da ɗakin bincike ya ajiye mata tire cike da duwatsu, farare masu jijiya ruwan ƙasa. Ta ɗauki ɗaya, ya fi yadda ta zata nauyi, ga sanyi a tafin hannu. Ta zauna bakin taga tana jujjuya shi, har sai da aka leƙo aka ce ta zo a ci abinci.