Teburin Ɗakin Shayi

Da Farfesa ta ji za a rarraba tsohon ɗakin shayi na jami'a a yi ofisoshi, ba ta yi shawara da kowa ba, ta kira mai motar kaya. Ritayar da ta yi ba za ta sa ta zuba ido a jefar da teburin nan bayan gini ruwa ya cinye shi ba.

Teburin kam ba abin a-zo-a-gani ba ne, ƙafa ɗaya ma da bulo aka tokare ta. Amma a zamaninsu, duk wanda mutanen gari suka kawo wa matsala, nan yake dire ta: ganyen da ya ƙanƙance, tubalin da ya tsage, kifin da ya mutu ba dalili. Malamai daga kowane sashe su kewaye. Doka ɗaya ce: wanda abin ya shafi fanninsa, shi ke magana a ƙarshe.

Nan ta taɓa ajiye kwalbar ruwan wata rijiya mai ɗaci, ita da ta ƙware a binciken ruwa, ta cije baki tana jin shirme. Sai wani siririn malamin tarihi, wanda ake kira Mai Gardama, ya ce, "Kafin rijiyar, me ke wurin?" Ashe tsohuwar majemar fatu ce aka binne. Ta ji haushinsa ƙwarai. Haushin bai huce ba har ta aure shi. Yanzu ya riga ta gidan gaskiya, kuma kewarsa ce ta kawo ta, ba katako ba.

Ta tura ƙofa, sai ta tarar da mutane zagaye da teburin. Shugaban sashe, tsohon ɗalibinta da furfura ta fara kamawa, ya miƙe.

"Mama! Sannu da zuwa. Ofisoshin kam za a yi, amma teburin ƙarƙashin bishiya za mu kai shi. Zauna mana."

A tsakiyar teburin ga kwalba, ruwa ja-ja-ja a ciki. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane ciwon. Ta gyara murya, ta buɗe baki.

Wata matashiyar likitar dabbobi, da ba ta san ko wace ce ba, ta tambaya, "Mama, mene ne fanninki?"

"Ruwa."

"To yi haƙuri, ke ce ƙarshe. Haka dokar take, mu ma haka muka tarar."

Shugaban sashe ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Farfesa kuwa ta rufe bakinta, daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa. Ta leƙa taga ta yi wa mai mota hannu ya tafi, ta ja kujerar da ke kusa da bulon nan, inda Mai Gardama ya saba zama, ta jira layinta.