Bokitin Kwashe Takin Inna

Mu da muka haura hamsin muna da wata lalura: da mun sayi ƙarfe sai mu ɗauka ɗa muka haifa. Ni babur ne ya kama ni. Malam Hashimu kuwa, da ya ajiye alli a firamaren ƙauyensu, can bayan Dawakin Tofa, 'yar ƙaramar katafila ya sayo ta hannu, irin mai tayoyi huɗu da ke juyawa a inda take tsaye. Ta zo ba bokiti a gabanta.

Tun kafin ya samo bokitin ya yi wa mahaifiyarsa, Inna Hure, alkawari a gaban ƙaninsa Usaini: bana shi zai kwashe takin turken awakinta ya kai gona kafin ruwan shuka. In ruwa ya riga shi, taki ya caɓe a gida, gero kuma ya tashi a ƙasa mai yunwa.

A wajen masu kayan katafila na Rijiyar Zaki aka nuna masa bokiti biyu, ɗaya tsukakke mai haƙora, ɗaya mai faɗi da miƙaƙƙen baki.

"Mai haƙoran nan shi ne namiji, Malam," in ji mai kayan.

"Wannan na haƙar marmara ne. Ka kai shi gindin katangar Inna, ai sai ta kwana a fili." Malam ya gyara hula, ya shiga darasi. Busasshen taki ba shi da nauyi, don haka mai faɗi ya fi ɗiba. Kuma dole bokiti ya ɗara tayoyi faɗi, don ya share musu hanya. Mai kayan ya yi ta gyaɗa kai kamar ɗan aji uku.

Daga nan bokiti ya ga gata. Kullum da safe a ɗura wa fil-fil ɗin mahaɗarsa giris, a bi shi da yatsa ana neman tsaga. Aka kai shi wajen mai walda ya ƙara masa ƙarfe a leɓe, don kada ƙasa ta cinye asalin. Da yamma a kifa shi, kada raɓa ta kwana a ciki.

"Malam," in ji matarsa Tahira, "ni ma gwiwata tana ƙara. Ko akwai ragowar giris ɗin?"

Usaini ya fi ta gajen haƙuri. "Yaya, gabas fa ta fara haɗa hadari."

"Aikin wuni ɗaya ne, Usaini. Bari walda ta zauna."

Ranar da ya shirya, sama ta yi duhu-duhu, ana jin cida daga nesa. Unguwa ta fito kallo. Inna ta sa an dama fura, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure. Malam ya taho a hankali, bokiti a sama yana ƙyalli, har bakin lungun da ke kaiwa ga turken awaki ta bayan gida. Nan ya tsaya. Ya kashe inji, ya sauko, ya goya hannuwa a baya yana kallo.

"Shigo mana, Hashimu," in ji Inna. "Ai gidanku ne."

Lungun nan kakansa ne ya bar shi, daidai wucewar jaki da mangala. Bokitin ya fi shi faɗi da kamu guda.