Akwati Biyu Babu Lamba

Tsvetana ta ɗaga murfin injin da sanyin safiya, warin sifirit ya bugi hancinta, ta shiga tsamo 'yan akwatunan roba ɗaya bayan ɗaya. Kowanne na ɗauke da ɗan guntun tsoka daga jikin wani majiyyaci, ya jiƙu da sifirit da narkakken kaki don ya yi taurin yankawa. Shekara sha tara ke nan tana wannan aiki a wani asibiti a birnin Plovdiv, tana fere tsoka har ta fi ɓawon albasa siranta, ta shimfiɗa a gilashi, ta rine ta, likita ya duba a madubin ƙara girma. Son aikin take kamar ranta.

Kowane akwati da lambarsa a goshi, an rubuta da fensir. Ban da biyu. Goshinsu fari fat.

Ta ɗaga murya. "Yaya Rumyana! Wa ya rufe waɗannan?"

Rumyana, tsohuwar abokiyar aikinta, ta leƙo daga ƙofa tana taunar banitsa, wani gasasshen fanke mai cuku a ciki. "Ogan naki mana. Jiya da kika je cire haƙori, Likita Zhelev ya ce bari ya taimaka. Da alƙalamin nan nasa mai ruwan zinariya ya rubuta, har da lanƙwasa."

Alƙalami! Wa bai san sifirit na lashe tawada ba? Tsvetana ta buɗe littafin karɓa. Mata biyu ne, malamar makaranta da wata tsohuwa daga ƙauye. Dukansu daga mama aka ciro da allura, sili bibbiyu kamar zare, ba abin da ya bambanta su.

Tana tsaye sai ga Zhelev, yana ta ƙamshin turare. Ya dubi akwatunan, kunnuwansa suka yi ja.

"Ƙaramin abu ne," in ji shi. "Na hagu na malamar ne, na dama na tsohuwar. Ina tune sarai."

"Na riga na tsamo su na cakuɗa, ranka ya daɗe. Wane hagun?"

"Ke dai yanka. Ni zan sa hannu."

"Hannunka zai hana a yanke wa mai lafiya mama? Ko shi zai komo da mai ciwon daji bayan an ce ta tafi gida, lafiyarta ƙalau?"

"Tsvetana, ki san da wanda kike magana."

"Na sani. Da mai alƙalami."

Rumyana ta ƙware da banitsa, ta hau tari.

Zhelev ya sassauta murya. "Kin san kunyar da zan sha in na ce a sake soka musu allura? Wata uku kacal da ba ni sashen nan."

Tsvetana ta girgiza kai. Kunyarsa yake aunawa! Ita kuwa tsohuwar take gani, wadda za ta sake hawo motar ƙauye, ta sake kwance riga, ta sake runtse ido. Ta juya wajen injin yanka, ta zare rezar, ta jefa a kwalin zubarwa, ta kulle aljihun tebur mai sauran rezojin, ta saka makullin a rigarta.

"Ba a ɗakin nan ba. In da haƙoranka za ka yanka, bismilla."

Ya daɗe yana kallonta. Ita ko ƙiftawa ba ta yi ba. Can ya ja kujera, ya jawo wayar ofis, ya ce da Rumyana ta karanto masa lambar likitan da ya ciro tsokar.

Yana cikin in'ina a waya, Tsvetana ta ɗauko guntun fensirinta wanda duk ta tattauna gindinsa, ta soka masa a aljihun farar rigarsa, kusa da alƙalamin. Sannan ta koma kan sauran akwatunan, hawayen takaici na ɗiga a kan safar hannunta.