Baba a Kujerar Baya

Tun kafin a gama yaye tamfol Baba ya gane ta. Baƙar motar nan ce ƙirar Ingila, mai dogon hanci da katako mai sheƙi a gaban direba, wadda ya tuƙa tun yana saurayi har furfura ta cim masa. Autarsa ce ta tsinto ta a bayan wani gareji, kaji na ƙwai a ciki, ta sa aka gyara ta tsaf.

"Alƙali ne ya fara sayenta," in ji Baba, yana shafa ƙofar. "Da ya rasu likita ya ɗauke mu, ni da ita. Daga nan sai matar likita, wadda ko keke ba ta yarda a wuce."

Ya miƙa hannu a ba shi makulli. Auta ta maƙe kafaɗa, ta buɗe masa ƙofar baya.

"Yau kai ne mai mota, Baba. Bismillah."

Ya yi turus. Kujerar nan ya sha goge ta, ya sha buɗe wa manya ƙofarta, amma bai taɓa zama a kanta ba. Ya kakkaɓe rigarsa, ya shiga. Fatar ta lotsa, ta rungume shi.

"A hankali da giya, 'yar nan, ba taɓarya ba ce."

Kafin su bar layin, Auta ta hango shi ta madubi ya miƙe ƙafa, ido a lumshe.

"Kai, alƙali!" ya ce. "Ashe barcinsa yake sha, ni kuwa ina lallaɓawa kada in katse masa tunani."