Farantan da Baba Tsaf Ya Juya

Shekara talatin da ɗaya Baba Tsaf ya yi yana kula da ɗakin gwaje-gwajen Farfesa a jami'a, ba a taɓa cewa ga aikin wani da ya ɓaci a hannunsa ba. Ranar Alhamis zai yi ritaya, kuma da wannan shaidar yake son tafiya. Laƙabin ya samo shi ne daga wata ɗabi'a tasa: ba ya iya wuce kwalba rubutunta na kallon bango. Sai ya juya ta, ko da kuwa ta gishiri ce a kicin ɗin matarsa.

Akwai ɗalibar Farfesa, wadda shi ya laƙaba mata Dakta-gobe. Aikinta a kan ƙwan wata ciyawar teku ne mai launin ƙasa-ƙasa. Ta sha yi masa bayani yana wanke gilasai. Ƙwan kewayayye ne, ba shi da sama ba shi da ƙasa. Yakan manne a gindin faranti, in haske ya zo masa ta gefe guda, sai wasu siraran zaruruwa da ke cikinsa su taru a ɓangaren inuwa, sinadarin girma ya bi su can, saiwa ta ɓullo ta nan. Cikin awa goma yake yanke shawara, in ya yanke shi ke nan.

"To, ya fi Farfesa saurin yanke shawara," in ji Baba.

Sau ɗaya a shekara ciyawar ke sakin ƙwai, kuma na bana wannan ne ragowar. Ranar Litinin da sassafe Dakta-gobe ta jera faranti goma sha biyu na ƙwayayen gaban fitila, shida a kantar sama, shida a ta ƙasa. Shida na sama ta zuba musu maganin da ke tare wa sinadarin hanya. Kowane faranti ta ɗiga masa jan ɗigo ƙarami a gefen da ke fuskantar fitilar, ta tafi aji.

Ƙarfe tara Baba ya shigo da tsummansa. Ya ga shida na sama duk rubutunsu na kallon bango. Kai, yaran yanzu! Ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya goge kantar, ya wuce. Ko a ransa bai ajiye abin ba.

Washegari da hantsi ɗalibar ta kwashe farantan a tire, ba ta lura da inda suka fuskanta ba, ta kai gaban madubin ƙara girma. Can sai Baba ya ji ihunta.

"Baba! Baba, zo ka gani!"

Ya sa ido. Ga ƙwayayen, kowanne da 'yar saiwarsa siririya, duk sun nufi wuri ɗaya.

"Wajen jan ɗigon suka nufa, Baba, wajen haske! Duk shidan masu magani! Ba wanda ya taɓa ganin haka. Bari in kira Farfesa."

Baba ya ɗago daga madubin. Shida na sama. Shi kaɗai ya sani, ba wanda ya gan shi. In ya yi shiru, za a yi masa walimar Alhamis, Farfesa ya tashi ya ce shekara talatin da ɗaya ba kuskure ko ɗaya. Ita kuma ta ɗauki wannan ƙarya ta rubuta da sunanta, ta kai gaban manya, wata rana wani ya gwada ya kunyata ta. Tana ta lalubar waya a jaka cike da murna.

"'Yata, ajiye wayar," ya ce. "Ba maganinki ba ne. Ni na juya su jiya da ƙarfe tara. Rubutun ne ya kalli bango."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta koma ta duba jan ɗigon, ta duba rubutun, ta zauna a kujera.

"Haba, Baba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ƙwan bana ke nan fa. Sai baɗi."

"Na sani."

"Shekara guda, Baba!"

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun yana sabon ma'aikaci. Ta yi kukanta ya ƙare, ta share fuska da gefen farar rigarta, ta jawo littafin aiki. Ta tambaye shi ƙarfe nawa daidai, ya faɗa. Ta rubuta a fili: Baba ya juya faranti shida. Farfesa yana karanta littafin kowace Laraba.

Baba ya ɗauki tsummansa ya nufi ƙofa. A kantar da ke bakin ƙofar akwai wata kwalbar ruwan gishiri, rubutunta na kallon bango. Hannunsa ya ɗaga da kansa, har yatsunsa sun taɓa murfin. Ya janye hannun, ya cusa shi a aljihu, ya fita ya bar ta yadda take.